Babi Na Huɗu: A Wane Wata Za A Tashi?

Duk wanda aka ce masa za a bi gaɓar tekun Norwe a ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai, daga Bergen har tsibiran Lofoten, kafin ya tambayi kuɗi ko guzuri sai ka ji ya ce: "To a wane wata? Ba can ce ƙasar ƙanƙara ba?" Wanda ya ɗan yi karance-karance kuma cewa yake yi, "Ai na ji akwai lokacin da rana ba ta faɗuwa, sai a tafi a lokacin, shi ke nan." Na farko tsoronsa ya yi yawa, na biyu kuwa ya raina abin.

Amsar a taƙaice ita ce daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Agusta. Amma wanda ya riƙe wannan kaɗai ya je ya yanki tikiti bai gama shiri ba. Cikin waɗannan makonni akwai ranar da ko yaro zai iya riƙe sitiyari, akwai kuma ranar da masunta 'yan gado ke ɗaure jiragensu su koma gida su sha gahawa. Zaɓen wata daban, zaɓen rana daban. Bari mu fara da wata.

Ruwan ɗumi a ƙasar sanyi

Kudancin gaɓar Norwe yana wajen digiri 58 arewa da tsakiyar duniya, can ƙarshenta kuma, a Nordkapp, ya ɗan haura 71. In ka leƙa wuraren da ke kan wannan layi a Kanada ko Girinlan ko Sibiriya, teku daskarewa yake yi wata da watanni. Amma tashar jiragen ruwa ta Tromso da ta Hammerfest ba sa daskarewa ko a Janairu. Abin da ya jawo haka shi ne wani makeken kwararon ruwan ɗumi da ke tasowa daga wajen Tekun Meziko, ya ratsa Atlantika, ya wuce ta arewacin Sikotilan, sannan ya bi gefen Norwe ya miƙe arewa.

Sai dai ɗumin na hana daskarewa ne kawai, ba na wanka ba. A tsakiyar lokacin zafi ruwan tekun Lofoten bai cika wuce digiri 12 ko 13 ba, a Mayu kuwa yana wajen 7. Wanda ya faɗa cikin irin wannan ruwa, numfashinsa ne ke fara sarƙewa, bayan 'yan mintoci yatsunsa su daina kama igiya. Iskar sama ma ba wani zafi gare ta ba: matsakaicin Yuli a Tromso bai wuce digiri 12 ba, a Bergen wajen 15. Wannan a kan tudu ke nan. A kan ruwa, mutum na zaune wuri ɗaya awa shida iska na dukansa, hular ulu da safar hannu ba ado ba ne ko a Yuli.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne inda guguwar ƙasar ke fitowa. A tsakiyar Atlantika ne iska mai sanyi daga ƙuryar arewa ke karo da mai ɗumi daga kudu. A bakin wannan karo ake haifar manyan guguwowi masu juyawa, su biyo ta wajen Aisilan su nufo Norwe ɗaya bayan ɗaya. Gwargwadon bambancin sanyi da ɗumin, gwargwadon ƙarfin guguwar. Shi ya sa na hunturu ke zuwa a fusace, na Yuni da Yuli kuma su zo da ɗan sauƙi, da tazara mai tsawo a tsakaninsu.

Watannin da ake barin wa masu su

Daga Oktoba zuwa Afrilu teku na masu sana'a ne. A daren 13 ga Oktoba na 1899 wata guguwa ta faɗa wa masunta a wajen Titran, a tsibirin Froya, aka rasa mutum kusan 140 cikin dare guda. Ranar 1 ga Janairu na 1992 iskar da aka auna a hasumiyar fitila ta Svinoy ta kai mita 46 a daƙiƙa, wato ta haura kilomita 160 a awa, kuma wannan matsakaicinta ne, ba bugun da ya fi ƙarfi ba.

Kada a ce wannan labarin ƙananan jirage ne ko na zamanin da. Ranar 23 ga Maris na 2019 wani ƙaton jirgin 'yan yawon buɗe ido, Viking Sky, ɗauke da mutum 1,373, ya shiga buɗaɗɗen tekun Hustadvika ana tsakiyar guguwa. Man da ke tausasa injinansa bai kai yadda ya kamata ba a tankuna, da jirgin ya dinga tangal-tangal sai famfunan suka zuƙi iska maimakon mai, injina suka mutu. Saura ƙiris raƙuman ruwa su maka shi da duwatsu. Sai da jirage masu saukar ungulu suka kwashe mutum sama da 400, ɗaya bayan ɗaya da igiya. Babu wanda ya mutu a ranar, amma jirgi mai tsawon sama da mita 200 ke nan. Namu bai fi mita goma sha biyu ba.

Duk da haka, a waɗannan watanni ne Lofoten ke cika da mutane. Daga Janairu zuwa Afrilu kifin da suke kira skrei ke gangarowa daga Tekun Barents ya zo ya yi ƙwai, masunta su bi shi cikin duhu da dusar ƙanƙara. Sai a rataye shi a kan manyan ragayu na katako, iskar sanyi ta busar da shi har zuwa Yuni. Mafi kyawunsa Italiya ake kaiwa, kawunan kuma da wani kaso mai yawa Najeriya suke zuwa. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake gani a kasuwanninmu, wanda 'yan kudu ke kira okporoko, da yawansa daga nan ya fito. Wanda ya isa Lofoten a farkon Yuni zai iske ragayun ba a gama sauke su ba, kuma hancinsa zai riga idonsa sanin haka.

Akwai masu cewa su hasken arewa suke son gani, wannan koren haske da ke rawa a sama. Shi sai da duhu, daga ƙarshen Satumba zuwa Maris, wato daidai lokacin da muka ce a kauce wa teku. Ba a haɗa gudu da susar gindi. Mai son hasken ya shiga babban jirgin Hurtigruten, wanda tun 1893 yake bin gaɓar nan rani da damina, yanzu kuma yana tsayawa a tashoshi 34 tsakanin Bergen da Kirkenes. Ya zauna bayan gilashi da shayinsa, ya bar filafilai sai Yuni.

Haske

Da an haura Da'irar Aktik, wajen digiri 66 da rabi, akwai lokacin da rana ba ta faɗuwa sam. A Tromso abin yakan fara wajen 20 ga Mayu ya kai wajen 22 ga Yuli. A Lofoten daga ƙarshen Mayu ne zuwa tsakiyar Yuli. Bergen tana kudu da da'irar, rana na faɗuwa, amma a ƙarshen Yuni sai bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kuma abin da ke biyo baya bai kai a kira shi duhu ba.

Masu yawon buɗe ido hoto suke ɗauka. Ga matuƙi kuwa wannan haske shi ne babban jarin tafiyar. Hanyar cikin tsibirai cike take da duwatsun da ke kwance dab da fuskar ruwa, kuma da yawa daga alamomin da aka kafa musu ba su da fitila. Sandar ƙarfe ce kawai a tsaye a kan dutse, wata da ɗan hannu a samanta yana nuna gefen da za a bi. Cikin duhu ba ka ganinta sai ka ji ta. Da haske kuwa babu ƙarfen da ba za ka iya tashi ba, babu wanda ba za ka iya shiga baƙuwar tasha ba. In iska ta yi kyau ƙarfe uku na asuba, sai a kwance igiya ƙarfe uku.

Illarsa ita ce barci. Jiki ba ya samun alamar cewa dare ya yi, sai ka ga ana hira a bayan jirgi har ƙarfe ɗaya, washegari mai riƙe sitiyari yana gyangyaɗi. Kyaftin nagari da agogo yake kora mutanensa kwanciya, a toshe tagogi da zane mai duhu. Musulmi kuma yana da tasa tambayar: ina magariba, ina asuba? Musulman masallacin Alnor na Tromso lokutan Makka suke bi a makonnin da rana ba ta faɗuwa. Akwai malaman da suka fi son a bi gari mafi kusa da ke da dare da rana. Wannan magana ce da za a gama da malami tun a gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mayu, Yuni, Yuli, Agusta

Bergen ta yi suna da ruwan sama. Abin da take samu a shekara ya haura milimita 2,000, ya ninka na Kano fiye da sau biyu, kuma ba ta da rani. Sai dai ruwan ba daidai yake sauka ba. Mayu da Yuni na cikin watannin da ya fi ƙaranci, abin da ke zuba a Oktoba kuwa yakan ninka na Mayu. A Mayu itatuwan tuffa na yankin Hardanger ke fure alhali kan duwatsu fari fat, ƙanƙara na narkewa, ruwa na zubowa daga kowace tsaga. Kyau dai ba a magana. Amma teku na da sanyi ƙwarai, a arewa dusar ƙanƙara kan kai har bakin ruwa, ƙananan tashoshin baƙi da yawa kuma ba su buɗe banɗaki da famfo ba tukuna.

Yuni ne watan da ni zan zaɓa. Haske ya cika, ruwan sama da sauƙi, guguwa ta ja baya, mutanen ƙasar kuma suna wurin aiki, don haka akwai wurin ɗaure jirgi ko'ina. Wanda ya bar Bergen a ƙarshen Mayu ko makon farko na Yuni zai isa Lofoten rana na sama dare da rana, kuma yana da sauran lokacin komowa a natse.

Yuli ya fi ɗumi, amma a makonni uku na ƙarshensa kusan ƙasar gaba ɗaya ke tafiya hutu, kuma mutanen Norwe da jirgin ruwa suke hutu. A kudu sai ka ga jirage uku huɗu an ɗaure su gefe da gefe, wanda ke can waje sai ya taka na wasu kafin ya sauka. Arewa da Trondheim abin da sauƙi, in ban da garuruwan da suka yi suna irin su Reine da Henningsvaer.

Agusta rabi biyu ne. A farkonsa ruwan teku ya kai iyakar ɗuminsa, 'yan makaranta na shirin komawa, tashoshi na raguwa. Daga tsakiyarsa dare ke dawowa da sauri, guguwowin Atlantika su fara matsowa kusa da juna. Shawarata ita ce mai komowa kudu ya tabbata ya wuce hancin dutsen Stad kafin Agusta ya ƙare. Satumba kan yi kyawawan ranaku, amma ba wata ba ne da baƙo zai jingina da shi.

Iskar da ke kai ka arewa ita ke kawo ruwa

Nan ne sababbin matafiya suka fi shan mamaki. Suna ɗauka ranar da gari ya waye tas ita ce ranar tafiya. A yammacin Norwe sau da yawa akasin haka ne ga mai zuwa arewa.

Idan yanayi ya daidaita, sama ta yi shuɗi, iskar da ke bin gaɓa daga arewa take busowa, wato daga inda ka nufa. Da safe ba ta da wani ƙarfi. Ƙarfe tara ruwa lumui, sai ɗan yamutsi can nesa. Da rana ta ɗumama tudu, iskar kan tudu ta tashi sama, ta kan teku sai ta kwararo ta cike gurbin, ta haɗu da waccan ta arewa. Wajen azahar tutar bayan jirgi ta miƙe, fararen kumfa sun fara bayyana a kan raƙuman ruwa. Kafin la'asar gaban jirgi na sara ruwa yana watso shi har kan mai sitiyari, gudun ya ragu zuwa rabi, ga rana tana haskawa kamar ba abin da ke faruwa. Jirgi mai filafilai ba ya shiga cikin iska kai tsaye, sai dai ya yi ta karkata dama da hagu, tafiyar mil ashirin ta koma talatin ko fiye. Da dare kuma iskar ta kwanta abinta. Maganin abin shi ne sammako: a tashi ƙarfe huɗu, a ɗaure jirgi kafin ƙarfe ɗaya, a bar wa iska la'asar.

Iskar kudu kuwa, wadda ke tura ka inda kake so, ita ce 'yar aiken guguwa. Da farko siraran gizagizai ne can sama, rana ta yi zobe. Allurar barometa, ma'aunin nauyin iska, ta fara sauka. Iska ta juyo daga kudu maso gabas, ta koma kudu, sama ta sauko, ruwa ya kece. Bayan wasu awoyi sai ta karkata yamma, ta ƙare a arewa maso yamma da sanyi da yayyafi mai zuwa yana wucewa, allura ta fara hawa. A Yuni da yawa daga irin waɗannan ba su da zafin da zai hana tafiya cikin tsibirai. Wanda ya yarda ya jiƙe, ya sa rigar ruwa ya bi su, yakan ci mil hamsin a ranar da mai jiran rana ke zaune a tasha. Washegari mai jiran ranar ya fito ya iske iskar arewa na jiransa.

Cikin mashigan tsibirai kuma iska ba ta cika bin abin da aka faɗa a rediyo ba. Duwatsu na matse ta ta bi tsawon mashigin, ko dai tana bayanka ko tana gabanka. Shi ya sa injin ke aiki a wannan tafiya fiye da yadda masu filafilai ke son faɗa in sun koma gida.

Inda tsibirai suka yanke

Yawancin hanyar a bayan tsibirai take, dubbansu, suna tare raƙuman Atlantika. Amma akwai wuraren da kariyar ta yanke, dole a fita fili. Huɗu ne tsakanin Bergen da Lofoten da kowa ke ambata: Stad, Hustadvika, Folda, da kuma Vestfjord, wanda tsallaka shi daga Bodo zuwa Reine ya kai mil hamsin na teku. A waɗannan wurare zaɓen rana ya fi zaɓen wata.

Stad ne uban tafiyar. Wani dogon hancin dutse ne da ya kutsa cikin teku, tsayinsa a Vestkapp ya kusa mita 500. Ƙasan tekun wurin tudu da kwari ne, raƙuman ruwa na zuwa daga nesa su bugi dutse su komo, su yi karo da masu zuwa, ga kuma kwararon ruwa na ratsa su. Sai ruwan ya rasa alƙibla, jirgi ya dinga jifa ta ko'ina. Mutanen da can sukan gwammace su ja kwale-kwalensu ta tudu a Dragseidet da su zagaya. A zamanin nan ma an daɗe ana maganar fasa dutsen a yi wa jirage rami mai tsawon kilomita 1.7.

Abin da baƙo ke mantawa shi ne iska na iya kwantawa amma teku bai kwanta ba. Guguwar da ta wuce shekaranjiya can wajen Aisilan tana iya aiko da manyan raƙuma yau, gari kuwa lafiya lau. Don haka tambaya biyu ake yi, ƙarfin iska da tsayin raƙumi.

A ɗan tsibirin Silda, arewa da Maloy, jirage kan taru suna jiran Stad. Da yamma za ka ga kowa ya sunkuya kan wayarsa a bakin tasha, Bajamushe da Bafaranshe da ɗan ƙasa, ana nuna wa juna. Wani ya ce gobe da asuba, wani ya ce a'a, raƙumi bai sauka ƙasa da mita biyu ba, jibi dai. Wanda zai tafi tun dare yake ƙulle komai: a ɗaure tukunya, a cusa tawul tsakanin kwanuka, a dafa shayi a zuba a fulas, a yanka burodi, domin in an fita ba mai iya tsayuwa gaban murhu. Masu saurin jiri su haɗiyi maganinsu kafin a kwance igiya, ba bayan ciki ya fara juyawa ba. Da asuba in jirgi ɗaya ya tashi sai ka ga uku sun bi shi. Wannan bin sahu yana da daɗi, amma wanda ke gaba wataƙila jirginsa ya fi naka nauyi, ko kuma jirgin sama ne ke jiransa a Alesund. Ƙungiyar ceto ta ƙasar, Redningsselskapet, wadda aka kafa a 1891, tana da jirage a duk tsawon gaɓar, sai dai kiran su ba tsarin tafiya ba ne.

Wasu wuraren kuma wata ne ke mulkinsu, na sama. Teku na cikowa ya janye sau biyu a yini, kuma bambancin da ke kusan babu a kudancin ƙasar yakan haura mita biyu a wajen Bodo. Inda ruwan ya matsu sai ya yi gudu. A Saltstraumen, mashigi mai faɗin mita 150 kusa da Bodo, gudun kan kusa kilomita 37 a awa, abin da ƙaramin jirgi ba zai ko gwada ba sai a ɗan lokacin da ruwan ya tsaya kafin ya juya. Moskstraumen da ke ƙarshen Lofoten ma haka. Mai bin lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan: ruwan ya fi ƙarfi kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata da kuma bayan daren sha huɗu, ya fi laushi wajen bakwai da ashirin da biyu ga wata. Mafi muni shi ne ruwa na tafiya gabas iska na tafiya yamma, nan raƙuma ke miƙewa tsaye.

Hazo da iskar gangare

Hazon teku ba ƙura ba ce irin ta hunturunmu, tururi ne mai jiƙa gashi da tabarau. Yana samuwa in iska mai ɗumi ta bi ta kan ruwa mai sanyi, shi ya sa yake son daidai ranakun da tudu ya yi zafi, kuma ya fi yawa can arewa a Yuli. Daga nesa kamar farin bango yake, cikin minti goma ya haɗiye tsibirin da kake kallo. Sau da yawa iyakarsa bakin teku, in ka kutsa cikin lungunan da ke tsakanin duwatsu sai ka fito rana.

Lungunan kuma da nasu halin. Iska kan taru a kan dutse ta gangaro gaba ɗaya, ta bugi jirgin da ke tafiya lami lafiya ta kwantar da shi a gefe. In ka ga fuskar ruwa ta yi baƙi a gindin dutse tana nufo ka, rage filafili tun ba ta iso ba.

Karanta hasashe

A wannan gaɓa aka gano yadda guguwowin nan ke aiki. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya labarin yanayi daga ƙasashen waje ya yanke wa Norwe, ga masunta da manoma na bukata. Vilhelm Bjerknes, wanda ya koma Bergen a 1917, shi da ɗansa Jacob da wasu matasa suka baza ma'aunai a gaɓar, daga 1918 suka fara fitar da hasashe, a nan suka ga cewa ruwa da iska na bin layin karon iska mai sanyi da mai ɗumi. Layukan da ake zanawa a taswirar yanayi a talabijin har yau daga aikinsu suka fito.

Yanzu kowa shafin hasashen yanayi na Yr yake dubawa a waya, wanda hukumar yanayi ta ƙasar da gidan rediyo da talabijin na NRK suka buɗe a 2007. Shafin BarentsWatch kuma na ba da hasashen raƙuman ruwa na wuraren nan masu haɗari. Tarko ɗaya ne: da mita a daƙiƙa suke auna iska. Wanda ya ga 12 ya ɗauka kilomita 12 ne a awa ya shiga uku, domin ta haura kilomita 40. Daga 5 zuwa 8 ita ce iskar daɗi. Daga 8 zuwa kusan 11 tafiya ce mai sauri, an fara rage filafili. Da ta kusa 11 suke fara kiranta kuling, kuma da ka ji kalmar a rediyon jirgi ka kasa kunne. In ta haura 14, ƙaramin jirgi mai ɗauke da baƙi ba shi da abin yi a Stad ko Hustadvika. A duba lamba ta biyu ma, ta bugun iska, wadda kan ɗara matsakaicin da kusan rabi a kusa da duwatsu.

Hasashen kwana biyu abin dogaro ne. Na kwana biyar yana nuna inda aka dosa. Na kwana goma kuwa, a duba don nishaɗi.

Kwanakin jira

Wajen shekara ta 890 wani attajiri daga arewacin Norwe mai suna Ottar ya ba Sarki Alfred labarin tafiye-tafiyensa a Ingila, aka rubuta. Ya ce da ya kai inda ƙasa ta karkata gabas sai da ya tsaya jiran iskar yamma, da ta sake karkata kudu ya sake tsayawa jiran ta arewa. Ya kuma ce daga garinsu zuwa kasuwar da ke kudancin ƙasar ba a yi cikin wata guda, ko da kullum iska na bayan mutum, in dai ana kwana a tudu.

Lissafin bai canja sosai ba. Daga Bergen zuwa Lofoten ta cikin tsibirai kusan mil 600 ne na teku, kowane mil mita 1,852. Ƙaramin jirgi na cin mil biyar a awa, wato arba'in a yinin da ba a takura ba. Kwana goma sha biyar ke nan na tafiya zalla. A kan kowane kwana biyu na tafiya ni nakan ce a ƙara ɗaya na jira, sai abin ya haura mako uku, zuwa kawai. Wanda hutunsa mako biyu ne ya zaɓi yanki guda, ko ya yi hayar jirgi a Bodo ya yi ta yawo tsakanin yankin Helgeland da Lofoten. Kuma kada a ɗaure kai da cewa wane zai sauka a gari kaza ran kaza. Motocin safa da jiragen fito na kaiwa kusan kowane lungu, saboda haka mutum ya zo inda jirgi yake ya fi a kori jirgi cikin kuling don a tarye shi.

To an zaɓi Yuni, an ware kwanakin jira, iska ta yi kyau, an kwance igiya. Saura sanin ta ina za a bi tsakanin dubban duwatsun nan, wane gefen sandar ƙarfe ne ruwa ke da zurfi, da kuma yadda za a tabbata dogon sandan jirgi zai wuce ƙarƙashin gada da wayoyin lantarkin da aka ja daga tsibiri zuwa tsibiri. Taswirar teku ce ke da amsar, ita za mu shimfiɗa a babi na gaba.